Malam Na'iya da Tarkon Ƙanƙara

Malam Na'iya ya yi shekaru yana koya wa yara yadda ƙanƙara ke zubowa daga sama, alhali bai taɓa ganinta da idonsa ba. Wadda ya sani ita ce ta shago, wadda ake saya da azumi a jefa cikin zoɓo. Wannan bai hana shi zana ta a allo ba, da kibiyoyi suna hawa suna sauka cikin girgije, har allin ya ƙare.

Teburinmu ɗaya da shi a ɗakin malamai, a wata sakandare da ke Tambuwal. Ni lissafi nake koyarwa, shi kuma labarin ƙasa. Ɗan Fakku ne, can cikin ƙasar Kebbe. Gidansu kaf manoma ne, shi kaɗai ya ɓalle ya bi boko. Dogo ne siriri, mai yawan gyara hula ko ba ta karkace ba. Ba ya faɗa, ba ya gulma, amma idan ka yi kuskuren ce masa yau ana zafi, to ka nemi wurin zama, don sai ya gaya maka inda zafin ya taso da inda ya dosa. Matarsa, Malama Maimuna, tana koyarwa a firamare, kuma ita kaɗai na sani da ke iya tsayar da shi a tsakiyar bayani. Cewa take yi, "Malam, za a yi ruwan ko in bar shanyata?"

Ba wai ba a ƙanƙara a ƙasarmu ba ne. Ana yi jefi-jefi, sai dai ba ta taɓa samunsa a gida ba. Da aka yi a Fakku yana yaro, yana makarantar kwana. Da aka sake yi bayan ya girma, ya tafi ɗaurin aure. In ya dawo, sai ya tarar da labari da yagaggen ganyen gero.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, aka tura shi taron bita na malamai a Sakkwato. Irin taron nan ne da mutane ke zuwa don shinkafar rana da gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka. Cikin masu jawabi akwai wata Dakta Ruwaida, malamar jami'a da ke bincike a kan hadari. Na'iya ya dawo da jawabinta a ka, ya maimaita mana shi har mu ma muka haddace.

Ta ce musu, "Yadda ƙanƙara ke haɗuwa a sama, mun san shi a takarda. Abin da ba mu sani ba shi ne sau nawa take zuba a ƙasarmu, a ina, kuma yaya girmanta. Tauraron ɗan Adam saman girgije yake gani, ba ya ganin abin da ya faɗo wa akuyarka a ka. Na'urar hango hadari ba ta wadace mu ba. Ita kuwa ƙanƙara sai ta zuba a gona ɗaya ta tsallake ta kusa da ita, kuma kafin mai bincike ya sa takalmi ta zama ruwa. Mutane muke nema a ƙauyuka, waɗanda za su zama idonmu."

Da ta tambayi wanda zai iya, Na'iya ya ɗaga hannu. Wani da ya je taron ya rantse mini hannu biyu ya ɗaga.

Abin da ta ba shi ba wani abin kallo ba ne. Farar robar nan ce marar nauyi da ake kare talabijin da ita a cikin kwali, an yanka ta fale-fale, an lulluɓe da takarda mai ƙyalli irin ta naɗe gasasshen kifi. Ana shimfiɗa ta a fili. In ƙanƙara ta buge ta sai ta bar loɓa, daga faɗin loɓar kuma a gane girman ƙwayar ko da ta narke. Na'iya ya raɗa mata suna tarko, ya ɗaure tarkunan a bayan babur ya nufi Fakku.

Yayansa Ɗangiwa shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Mutum ne kakkaura da ba ya ɓarnar magana. Ya tsaya yana kallon ƙanensa yana shimfiɗa abu mai ƙyalli a gefen gona.

Ya ce, "Wanga abu fa?"

"Tarko ne, Yaya."

"Mi shika kamawa?"

"Ƙanƙara."

"In ya kama ta, sai ta bar min gerona?"

"A'a, Yaya. Gwada girmanta za shi yi."

Ɗangiwa ya ce, "Wato ɓarawo shi shigo, kai ka gwada tsawonai, shi tafi da kaya."

Duk da haka bai hana ba.

Ba a daɗe ba Na'iya ya koma duba tarkunansa, ya tarar da ɗaya ya cika da loɓa, ba masaka tsinke. Ya ɗauki hoto ya tura wa Dakta. Ta kira shi nan take, muryarta cike da murna, ta ce ba ta taɓa ganin ƙwayoyi masu yawa haka kuma girmansu ɗaya ba. Sai ta tambaye shi ranar da aka yi ruwan. Ya juya ya tambayi Ɗangiwa.

"Wane ruwa? Tun zuwanka na baya ko yayyafi ba a yi ba."

Ashe zabbin maƙwabta ne suka hango kansu a cikin ƙyallin, suka ɗauka baƙi ne suka shigo musu, suka yini suna yaƙi. Tarko na biyu awaki sun cinye shi har da takardar. Na uku ya same shi a gidan wata gwaggonsu, tana rufe ƙwaryar fura da shi, ta kuma yi masa godiya, ta ce ƙuda ba ya kusantarsa. Ya ɗora sauran a kan sanduna, hankaki suka karɓi aikin daga wurin zabbi.

A wannan daminar ne aka yi ƙanƙara a wani ƙauye da ke gaba da Kebbe, inda ba shi da tarko. Washegari ya tafi jin ta bakin waɗanda suka gani. Da mutane suka ga baƙo da wankakkiyar riga yana tambayar ɓarna, suka ɗauka tallafi ya zo. Na farko ya ce girmanta kamar ƙwan zabo. Na biyu ya ce ai wannan a bakin gari yake, a wurinsu kamar lemu ta zubo. Kafin a kai ƙarshen layi ta kai girman kan jariri. Wani dattijo ya ce wadda ta faɗo bayan rumbunsa sai da mutum biyu suka mirgina ta.

Na'iya ya ce, "Baba, tana ina?"

"Ta narke mana."

Da ya bayyana musu cewa shi malamin makaranta ne, ba taki ba iri, bincike kawai yake yi, sai taron ya watse. Dattijon ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To in don ilimi ne, awa ƙwayar gujiya take."

Ya dawo ya zauna a teburinmu ya dafe kai. Ya ce, "Malam, kai da ka san lissafi, mi ke tsakanin gujiya da abin da mutum biyu ka mirginawa?"

Na ce masa tallafi.

Damina ta biyu ce ta kusa raba shi da garinsu. Gero ya kai gwiwa, sai ƙanƙara ta zuba a Fakku. Ta bi gonakin da ke hayin hanya ta yi musu kaca-kaca, ta zo daidai gonar Ɗangiwa inda tarko yake ta tsaya. Tarkon nan ko ƙwarzane babu. Kafin Na'iya ya iso daga Tambuwal magana ta riga ta zaga gari: madubin nan da ya girke yana kallon sama, shi ke kiran ƙanƙara. Wani kuma ya ba da shaida cewa ya ji shi a teburin mai shayi yana cewa Allah ya sa a yi ƙanƙara bana. Wannan kam gaskiya ne, don a gabana ma ya sha faɗa.

Aka kira shi ƙofar gidan maigari. Dattawa na zaune a tabarmi, waɗanda aka yi wa ɓarna na tsaye a baya. Liman ne ya soma.

"Malam Na'iya, da gaske ka roƙi Allah ƙanƙara?"

Na'iya ba ya iya ƙarya. Ya gyara hula ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na roƙa. Amma ƙanana na ce, kuma bisa tarko."

Liman ya ce, "To ka ga addu'arka ba ta da saiti."

Wasu suka yi dariya, waɗanda ke tsaye a baya ba su yi ba. Na'iya ya ce in da tarkon ke jawo ta, ai a kansa za ta zuba. Wani ya amsa daga baya cewa kayan boko dama haka suke, ba sa sauka inda aka aike su. Ya soma bayanin iska mai ɗaga ɗigon ruwa zuwa inda sanyi ke daskarar da shi, maigari ya ɗaga masa hannu. Nan ne Ɗangiwa ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na yi goyon yaron ga. Ko kaza ya kira da tsaba ga hannu ba ta zuwa. Ba shi iya kiran komi daga sama."

Wannan ce kariyar da ta fi aiki, ko da yake Na'iya ya ce da an tambaye shi da ya zaɓi wata. Aka yanke cewa ya kwashe tarkunansa daga ko'ina, ban da gonar gidansu, kuma in zai yi addu'a ya riƙa haɗawa da manoma.

Bayan an tashi ya bi gonakin da aka yi wa ɓarna da ƙafa. Ya gaya mini daga baya cewa a hanyarsa ta zuwa, a kan babur, murna yake yi. Sai da ya ga geron kwance cikin laka, ganyen a tsattsage kamar an bi shi da wuƙa, ya ga masu gonar suna tsaye ba su san ta inda za su soma ba, sannan kunya ta kama shi. Hutun wannan zangon a Fakku ya yi shi, yana taya mutane shuka wake a gurbin geron. Ya dawo makaranta hannunsa duk kanta, kuma ban sake jin ya roƙi ƙanƙara a fili ba.

Da ya daina nemanta ne ta same shi.

Farkon daminar da ta biyo baya, ya je Kebbe ranar kasuwa. Ƙanwar Maimuna ta haihu, za a yi suna, sai ta aike shi ya sayo mata babban tire na alminiyum don rabon abinci. Ta kuma cika masa fulas da kunun tsamiya. Bayan la'asar ya kamo hanyar gida, tire ɗaure a baya. Hanyar Kebbe kuwa ko da rani ba ta da daɗi. Yana tsakiyar daji, ba gari gaba ba gari baya, sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta juya ta yi sanyi.

Ƙwaya ta farko ta fasa masa madubin babur. Ya tsaya, ya duba ƙasa, ya ga farin abu yana birgima, ya ce Alhamdu lillahi. Ta biyu ta same shi a kunne. Daga nan, in ji shi, ilimi ya fice masa daga kai gaba ɗaya. Ya jefar da babur, ya duba ko'ina ba itacen kirki, ya fizge tiren Maimuna ya kifa a ka, ya tsuguna yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Ya ce ƙarar da tiren ke yi, ko makaɗan gari sun taru a kansa sai haka.

Sai da ta soma lafawa ya tuna wane ne shi. Ya zubar da kunun, ya riƙa tsintar manya-manyan da hannu ɗaya yana cusawa cikin fulas, ɗaya hannun na riƙe da tire. Ya ajiye biro kusa da wasu ya ɗauki hoto, ko da yake rabin hotunan babban yatsansa ne. Wani makiyayi da ya fake a cikin shanunsa, da malfa a ka, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kaɗa dabbobinsa ya ƙara nisa.

Gab da magariba ya shigo Tambuwal, jiƙe sharkaf, kunne a kumbure, yatsu sun yi tsami. Bai nufi gida ba, sai shagon Mannir, mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda a bakin tasha.

Mannir ya leƙa cikin fulas ya ce, "Malam, ƙanƙara ka kawo min ajiya? Nan?"

"Wagga ta sama ce."

"Tawa ma ruwanta daga sama yake."

Mannir dai ya yarda, ya saka fulas ɗin a firij. Wuta ta ɗauke, aka tada janareta, Na'iya ya ja benci ya zauna a bakin firij, don kada a yi kuskure a jefa binciken cikin zoɓon wani. Abin da bai yi tsammani ba shi ne tsofaffi. A wurin iyayenmu mata, ruwan ƙanƙarar sama magani ne, wasu su ce na faɗuwar gaba, wasu su ce na komai. Labari na fita suka soma zuwa da kofuna. Ya ba kowa haƙuri, har sai da ya ɗaga kai ya ga surukarsa, mahaifiyar Maimuna, tsaye da ɗan kwanonta. Ta miƙa masa kwanon. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe fulas, ta sa hannu ta zaɓi mafi girma.

Da safe ya shiga motar Sakkwato, fulas cikin kula, kula cike da ƙanƙarar Mannir, ya rungume ta a cinya har aka isa. Da Dakta Ruwaida ta buɗe, yawancinsu sun manne sun zama dunƙule ɗaya mai ƙamshin tsamiya. Amma 'yan kaɗan sun tsira. Ta shiga da shi wani ɗaki mai sanyi, ta yanka ɗaya gida biyu da siririn zarto, ta ɗora a kan fitila.

Ciki zobe ne kan zobe, kamar an yanka albasa, wani fari kamar nono, wani garau kamar gilashi. Ta ce farin shi ne inda ruwan ya daskare da sauri ya kulle iska a ciki, garau ɗin kuma inda ya daskare a hankali. Na'iya ya ce kowane zobe ai hawa ɗaya ne da sauka ɗaya cikin girgije, haka yake koya wa yara.

Ta ce, "Haka muka karanta mu ma. Amma binciken da ake yi yanzu yana nuna da yawansu ba sa wannan hawa da saukar. Ratsa girgijen suke yi, su bi ta wuri mai laima, su bi ta busasshe. Har yanzu dai ana kan gardama."

Na'iya ya gyara hula. Sannan ya ce, "Ashe ƙarya nika zana ma 'ya'yan mutane."

"Ba ƙarya ba ce, Malam. Iyakar abin da aka sani ke nan a lokacin."

"To ku riƙa aiko muna in kun canza."

Da yake ba ta labarin yadda ya fake, ya nuna mata hoton tiren, duk ƙanƙara ta loɓa shi. Nan Dakta ta manta da fulas. Ta ce wannan ya fi duk tarkunan da ta raba, don an san wurin, an san ranar, ga kuma ƙwayoyin da suka yi loɓar a hannu. Ta roƙi a kawo mata shi. Na'iya ya kira gida, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya miƙa wa Dakta wayar.

Maimuna ta ce, "Dakta, ina girmama ilimi, ni ma shi nika ci. Amma sunan ga da tirena za a yi shi."

Aka daidaita. Aka yi suna da tiren, aka wanke, aka kai jami'a suka auna loɓa ɗaya bayan ɗaya, suka dawo da shi. Maimuna ta ce ba ta yi asara ba, don yanzu in ta zuba dabino ba ya gangarewa.

Na'iya yana nan yana koyarwa, furfura ta soma fito masa. Ya bar dogaro da tarko kaɗai. Ya haɗa wani zaure a waya, da manoma da makiyaya da direbobin hanyar Kebbe. Dokarsa ɗaya ce: in an yi ƙanƙara, a ajiye marfin kwalba kusa da ita a ɗauki hoto, a faɗi sunan gari. Rabin abin da ake turowa gaisuwar Juma'a ce da tallar raguna, amma ana samun na gaske, yana kuma tura wa Dakta, ita kuma tana haɗawa da abin da tauraro ya gani a ranar. Ta ce taswirarta ta yankinmu, da dā fara ce fat, ta soma samun ɗige-ɗige.

Kwanan baya na raka shi Fakku gaisuwa. Muna zaune a zaure ana shan fura, Ɗangiwa ya tambaye shi ko mutanen nasa sun kusa iya faɗin zuwan ƙanƙara tun kafin ta zo.

Na'iya ya ce, "Da saura, Yaya. Ko ƙasashen da ke da kayan aiki, ɗan lokaci kaɗan suka samu kafin ta zubo."

"Mi zan yi da ɗan lokaci kaɗan? In naɗe gonar in kai ɗaki?"

"Ka kai awaki, da yara, da kanka."

Ɗangiwa ya juya ludayi cikin ƙwarya yana nazari. Can ya ce, "To, ba laifi. In sun gano, su soma kiran wayata, kar su bi ta wurinka. Kai kafin ka gama bayani ta narke."